TARIHI: Farfesa Ishaya Audu, likitan yaran da ya ajiye nasa binciken ya gina wa Arewa gidan bincike

A watan Nuwamban 2024, manyan likitocin asibitocin koyarwa na Najeriya sun tafi yajin aikin gargaɗi na mako guda. Cikin manyan dalilansu akwai sharaɗin da aka gindaya wajen neman sabon shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, wanda ya rufe ƙofa ga duk farfesan likitancin da ba shi da digirin digirgir. Takaddamar ta girmi wannan yajin aiki. Tun a ƙarshen 2019 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da takardar da ta nemi malaman tsangayoyin likitanci su riƙa yin digirin digirgir, ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN kuma ta ƙi amincewa, bisa hujjar cewa shaidar ƙwarewar da suke samu bayan shekaru suna horo a asibiti ta wadatar.

A ƙarƙashin wannan jayayya akwai tambayar da ke damun duk ɗalibin likitanci mai kaifin basira: ya tsaya a bakin gadon majiyyaci, ko ya shiga ɗakin gwaje-gwaje, ko kuwa ya haɗa biyun ya ƙara wa kansa shekarun karatu? Arewa ta taɓa yin mutumin da wannan tambaya ta riska tun shekaru sittin da suka wuce, ya kuma amsa ta da aikinsa. Shi ne Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Anchau, Gimi da Wusasa

An haifi Ishaya Audu ranar 1 ga Maris, 1927, a Anchau, garin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, ya fito ne daga jama'ar da ake kira Isawa. Asalin wannan jama'a yana komawa Kano, ga wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda koyarwarsa a kan matsayin Annabi Isa ta haɗa shi da hukuma, har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A farkon ƙarni na 20 wasu daga cikin jikokinsu suka haɗu da Dakta Walter Miller, ɗan mishan kuma likita da ya zauna a birnin Zariya, suka karɓi addinin Kirista, suka kafa zango a Gimi.

Zangon Gimi bai daɗe ba, domin ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi masa mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka tashi. Cutar ta ci gaba da cin ƙasar Anchau har gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da wani babban shiri a ƙarshen shekarun 1930. Aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke ɓuya, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Jigon shirin shi ne T.A.M. Nash, masanin ƙwari wanda ya shafe shekaru yana nazarin rayuwar ƙudan tsando. Ke nan a ƙasar da aka haifi Ishaya Audu an gani da ido cewa allurar likita takan ceci wanda ya riga ya kamu, amma sai da aka fahimci ƙudan kansa aka iya kare gari.

Ishaya ya yi karatunsa na farko a makarantar St. Bartholomew da ke Wusasa, inda mishan ɗin ya koma daga cikin birnin Zariya a 1929. Ƙaramin gari ne, amma shi ya fitar da Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, kuma a nan Yakubu Gowon ya tashi.

Ƙofar da Turawa suka buɗe rabi

Daga Wusasa ya wuce babbar kwalejin Yaba da ke Legas. A wancan zamani makarantar likitanci ta Yaba mataimakan likitoci take yayewa, masu takardar da ba ta da daraja a wajen Najeriya. Gwamnatin mulkin mallaka hannayen aiki take nema daga 'yan ƙasa. Tsara bincike da fassara sakamakonsa kuwa na Turawa ne.

Sa'ar Ishaya Audu ita ce buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, wadda ke ba da digirin Jami'ar Landan. Yana cikin ɗalibanta na farko-farko. Da yake asibitin koyarwa na Badun bai buɗe ba sai 1957, ɗaliban likitanci a can suke yin ɓangaren kimiyya, sannan a tura su asibitocin Ingila su ƙarasa. Shi ma ya tafi a 1951, ya kammala a 1954. Bayan wasu shekaru na aiki da ƙarin horo ya ƙware a fannin lafiyar yara.

Hanyar da ya bi ita ce ta Birtaniya: digirin likitanci, aiki ƙarƙashin manyan likitoci, sannan jarrabawar kwalejojin ƙwararru. A wannan tsari likita yakan koyi bincike ne a gefen aikinsa, idan ya dace da maigidan da ke yin binciken.

Daga gidan Firimiya zuwa Rochester

A farkon shekarun 'yancin kai ya yi aiki da Gwamnatin Jihar Arewa a matsayin ƙwararren likita, kuma shi ne likitan Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ga matashin da bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, wannan matsayi ne da mutane da yawa za su riƙe da hannu biyu. A 1962 ya bar shi ya koma koyarwa a sabuwar makarantar likitanci ta Jami'ar Legas, inda ya yi ta hawa har ya kai dab da matsayin farfesa. A tsakanin 1964 da 1965 ya je Jami'ar Rochester da ke Jihar New York ta Amurka a matsayin malami mai bincike.

Shekarar da ya sauka Amurka tana da muhimmanci a tarihin wannan batu. A 1964 ne Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka fara ɗaukar nauyin shirin da ke ba ɗalibi damar haɗa digirin likitanci da digirin digirgir a zama ɗaya, aka soma da jami'o'i uku. Ɗalibi yakan yi shekaru biyu na farkon karatun likitanci, ya tsaya ya shiga ɗakin gwaje-gwaje na kimanin shekaru huɗu, sannan ya dawo asibiti ya ƙarasa. Jimilla shekaru bakwai zuwa takwas, ba ya biyan kuɗin makaranta, ana kuma ba shi alawus. Hikimar shirin ita ce a samar da mutum ɗaya da zai ga matsala a jikin majiyyaci, ya kai ta ɗakin gwaji, ya dawo da amsa. Amurkawa sun lura cewa likitan da ya fita da bashin karatu a wuyansa kuɗi zai bi, saboda haka suka saya masa lokaci.

Ishaya Audu ya riga ya wuce shekarun shiga irin wannan shiri, amma ya zauna cikin tsarin da ya haife shi, ya ga yadda asibiti da ɗakin gwaje-gwaje ke zama ƙarƙashin rufi ɗaya. Da ya dawo Legas, hanyar zama babban mai bincike a fannin cututtukan yara a buɗe take a gabansa.

Shekarar 1966

Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. Jami'ar da ya kafa a watan Oktoban 1962, wadda shi ne ubanta na farko, ba ta kai shekara huɗu ba. Shugabanta na farko, Norman Alexander, ɗan ƙasar New Zealand, ya sauka a shekarar. Wanda ya gaje shi shi ne Ishaya Audu, yana ɗan shekara 39.

Ya karɓi jami'ar a mafi munin lokaci. Dokar soja mai lamba 34 ta watan Mayu ta jawo tarzoma da kashe-kashe a garuruwan Arewa, juyin mulki na biyu ya biyo baya a Yuli, malamai da ɗalibai 'yan Gabas suka tafi. A 1967 aka raba Arewa zuwa jihohi shida, gwamnatin da ta mallaki jami'ar ta gushe, sannan yaƙin basasa ya ɓarke. Mafi yawan manyan malamai baƙi ne daga ƙetare, 'yan Arewa da suka cika sharaɗin shiga jami'a kuma ƙalilan ne.

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake yini yana neman albashin ma'aikata daga jihohi shida a tsakiyar yaƙi ba zai samu sa'o'in da bincike ke ci ba. Da ya hau wannan kujera, Ishaya Audu ya sallama shekarun da mai bincike ya fi yin aikin da ake tunawa da shi, daga 39 zuwa 48. Shi ya sa yau da wuya a ji an ambaci sunansa wajen gano wata cuta ko wani magani. Sunan nasa ya tsaya ne a kan abin da ya gina.

A zamaninsa aka buɗe Tsangayar Koyon Aikin Likita ta jami'ar a 1967, ta farko a duk Arewa, aka kuma haɗa ta da asibitocin gwamnati a Zariya da Kaduna da Malumfashi. Asibitin koyarwar bai zama tsibiri na masu hali ba, domin marasa lafiyarsa su ne talakawan Tudun Wada da manoman ƙauyukan Katsina ta kudu. A ƙarshen shekarun 1960 aka kafa Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a, wadda ta riƙa ɗaukar waɗanda suka gama sakandare tana shirya su, ta haka dubban 'yan Arewa suka samu shiga. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, reshen jami'ar ce a duk tsawon mulkinsa.

Abin da Zariya ta gano

Ana iya auna zaɓin Ishaya Audu da irin binciken da ya fito daga asibitocin da ya haɗa da jami'a.

Likitocin Zariya sun lura cewa mata da yawa kan zo da kumburin jiki da sarƙewar numfashi makonni kaɗan bayan haihuwa, alamar zuciya ta gaza. Eldryd Parry, wanda ya zo a matsayin farfesa a 1969, shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka bi sawun sama da mata 200. Suka gano cewa cutar ta fi yawa a lokacin zafi, kuma tana da alaƙa da al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciya aiki, zuciyar da ciki ya riga ya gajiyar sai ta kasa. Babu ɗakin gwaje-gwaje a Landan ko New York da zai yi wannan tambaya, domin babu mai jego a can da ke shan kunun kanwa.

David Warrell ya yi nazarin dafin kububuwa, macijin da ake yi wa kirari da gobe da nisa, ya bayyana yadda dafin ke hana jini daskarewa, ya gwada magungunan da ake da su. Brian Greenwood ya shafe shekaru goma a Zariya daga 1970 yana aiki a kan sanƙarau. A ƙarshen shekarun 1970 tawagar Zariya, wadda ta ƙunshi matasan likitocin Arewa, ta nuna cewa allura ɗaya ta wani magani mai daɗewa a jiki tana iya warkar da mai sanƙarau, abin da ya sauƙaƙa jinya a lokacin annoba, sa'ad da majiyyata kan fi gadaje da ma'aikata yawa. Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Najeriya, ya tattara bayanan haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya nuna da alƙaluma cewa mutuwar mata wajen haihuwa ta fi afka wa waɗanda ba su je awon ciki ba, ba su kuma yi makaranta ba.

Wasu daga cikin ayyukan nan sun kammala ne bayan Ishaya Audu ya bar mulki, amma a gidan da ya gina aka yi su. Kowannensu ya faro ne daga tambayar da likita ya ci karo da ita a ɗakin marasa lafiya. Akwai kuma wani ɓangare da bai kamata a rufe ido a kai ba: mafi yawan jagororin binciken baƙi ne, kuma wani kaso mai tsoka na kuɗin daga Birtaniya ya fito. Da baƙin suka koma gida, tattalin arzikin ƙasa kuma ya durƙushe a shekarun 1980, binciken ya ja baya. An yaye likitoci masu yawa, amma ba a kafa tsarin da zai biya likitan gida ya zauna ya yi bincike ba.

Siyasa, tsare da komawa asibiti

Ya bar shugabancin jami'ar a 1975, shekarar da Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki, kuma shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar. Farfesa Iya Abubakar ne ya gaje shi.

A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dakta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, suka zo na uku. Sakamakon ƙawancen NPN da NPP, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje, yana kan kujerar Zimbabuwe ta samu 'yanci a 1980. Da ƙawancen ya wargaje a 1981, NPP ta umarci ministocinta su fice, shi kuwa ya rabu da jam'iyyar ya ci gaba da aiki da Shagari har 1983. Tsofaffin abokan tafiyarsa sun ɗauki wannan a matsayin juya baya. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta tsare shi tare da sauran 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu.

Da aka sake shi ya koma Samaru, kusa da ƙofar jami'ar da ya shugabanta, ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa, ya kuma duƙufa ga aikin majami'a. Ya rasu a Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78. Daga cikin ayyukansa huɗu, wato jinya da bincike da shugabanci da siyasa, jinya ce kaɗai ta karɓe shi bayan tsawon rabuwa. Likita yana iya dawowa bakin gado bayan shekara ashirin. Bincike kuwa ba ya jiran wanda ya tafi, domin kafin ya dawo tambayoyin da hanyoyin amsa su duk sun canja.

Lissafin ɗalibin yau

Yaro ko yarinyar da suka taso daga Gaya ko Ajingi suka samu gurbin likitanci a Jami'ar Bayero suna da doguwar hanya a gaba: shekara shida ta karatu idan yajin aiki bai ƙara ba, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, shekara ɗaya ta hidimar ƙasa, sannan shekara biyar zuwa shida ta horon ƙwarewa a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda zai ɗora digirin digirgir a kai sai ya ƙara aƙalla shekara uku, galibi da kuɗin aljihunsa, yana kuma kwanan asibiti. A gida iyaye sun sayar da amfanin gona sun biya makaranta, ƙanne suna jira, Babban Asibitin Gaya kuma likita yake buƙata yau. Saudiyya da Ingila suna kiransa da albashin da ya ninka na gida.

Kowane ɓangare a takaddamar digirin digirgir yana da gaskiyarsa. Likitoci sun yi daidai da suka ce shaidar Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ba a samun ta sai an rubuta kundin bincike an kare shi, kuma takardun ƙwarewar asibiti ne suka kai Ishaya Audu kujerar shugaban jami'a. Hukumar jami'o'i ma ta yi daidai da ta ce tsara bincike da sarrafa alƙaluma sana'a ce mai zaman kanta da ke buƙatar horo na musamman. Abin da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kai ba shi ne wanda zai biya kuɗin shekarun. Amurka ta tsara shirinta da tallafin gwamnati tun 1964. Najeriya ta fara ne da gindaya sharaɗi.

Kano ta san farashin rashin masu bincike na gida. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru, har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Al'ummar da ba ta da isassun likitocin da suka san yadda ake tsara gwaji, da yadda ake neman yardar iyaye, da lokacin da ya wajaba a dakatar da shi, wasu ne za su yi mata bincike bisa sharuɗɗansu.

Tarihin Ishaya Audu ya bar wa mai wannan shawara ma'auni uku. Na farko, ya kasance akwai tambayar da ta hana shi barci, irin wadda masu jegon Zariya suka jefa wa likitocinsu, domin digirin da aka yi don ƙarin girma kawai kundi ne da zai kwanta a kabad. Na biyu, ya san wurin da zai yi aikin da wanda zai koya masa, da kuma ko za a rage masa kwanan asibiti. Na uku, ya yi binciken da wuri, tun ƙarfi da lokaci suna hannunsa, saboda a Arewa likitan da ya yi fice ba ya daɗewa kafin a kira shi shugabancin asibiti ko kwamishina ko takara. Ishaya Audu ya amsa irin wannan kira yana ɗan shekara 39, Arewa ta samu tsangayar likitanci, shi kuma bai sake komawa ɗakin gwaje-gwaje a matsayin sana'arsa ta yau da kullum ba.